Ranar da Inuwa Ta Buga Ƙofa a Aziziyya

Akwai wata Juma'a a unguwar Aziziyya ta Jidda da na san ko tsufa ya kwashe mini sauran abubuwan da ke kaina, ita ba zai iya da ita ba. Ranar ce kawuna ya nuna fim ɗinsa na farko a falon kakata, gaban mutanen da suka saba ganinsa suna riƙe ciki don dariya.

A lokacin ban daɗe da shiga kwaleji ba, ina karatun kwamfuta. A unguwar Safa muke zaune. Abba daga Kano ya zo Jidda da kwangilar aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, a nan ya auri Umma, wadda haifaffiyar garin ce. Na tashi na tarar da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, a aljihuna kamar yadda na tarar da sunana, ban taɓa tsayawa na yi tunanin wani abu ba ce. Ni kuma tun ina ƙarami ba ni da baki. In an yi baƙi, ɗaki nake shigewa da littafi har sai na ji an tafi. Shi ya sa Kawu, ƙanin Umma, ya raɗa mini Ustaz, wai ban taɓa buɗe baki ba sai in fatawa ce ta kama.

Kawu kishiyata ne ta kowace fuska. Ɗan barkwanci ne da duk Jidda ta sani. Yana cikin wasu samari da ke yin gajerun bidiyo na ban dariya suna sakawa a intanet, kuma shi kaɗai ne baƙi a cikinsu. Kullum rawarsa ɗaya ce: ko direban da ya ɓata hanya, ko ɗan dako mai karya Larabci. Abin mamakin shi ne duk cikinsu babu wanda ya kai shi iya Larabci. Hausar ce ma yake karyawa, har Hajiya, kakata, takan ce in yana mata magana sai ta ji kamar ana tauna tsakuwa. Sanin da aka yi masa ya kai ko gidan ta'aziyya ya shiga, sai ka ga mutane suna danne murmushi.

Abin da ya raba shi da wannan sana'a ƙarami ne a ido. Wata rana 'yarsa ta dawo daga makaranta ta ce yara sun sa ta a tsakiya, wai ta yi musu magana irin ta babanta. Ba ta yi kuka ba. Da yamma sai ta tambayi mamanta ko za a sayo mata man nan da maƙwabciyarsu ke shafawa ta yi fari. Kawu yana tsakar gida yana jin su. Bai daɗe ba ya gaya wa abokan aikinsa ya daina. Suka ɗauka wani sabon barkwancin ne, suka yi ta dariya har ya fita.

Da labari ya iso wa Hajiya cewa Autanta ya bar wasan dariya zai yi fim ɗin ban tsoro a kan baƙar fata, ranta ya ɓaci sosai. Ita da aikin hajji ta shigo ƙasar nan tun da ƙuruciyarta, ta zauna, ta yi shekaru tana tuyar masa a ɓoye kafin Allah ya sa ta samu takarda. A ganinta dariyar nan ita ce rigar da ta rufa musu asiri. Takan ce mutumin da ke sa a yi dariya ba a cika tambayarsa daga ina ya fito ba. Ta kira shi ta gindaya masa sharaɗi ɗaya: ya yi fim ɗinsa, amma ba zai fita ko'ina ba sai an fara nuna shi a gidanta, gaban mutanen unguwa. In ta ga ya kai su kasuwa ne don a kalle su, to a nan maganar za ta mutu. Kawu ya amince, kuma duk mun san in Hajiya ta ce a'a, ko da kyautar duniya ce ke jiransa ba zai tsallake ba. Akwai wata gasar gajerun finafinai da yake hari, tunda a shekarun nan an fara buɗe gidajen silima, samari da yawa sun shiga harkar.

Ni a ta nan na shigo. Ya zo gidanmu ya same ni a ɗaki, ya zauna a kan littattafaina ba tare da ya duba ba.

"Ustaz, an ce kunnenka ya fi bakinka aiki. Yalla, tashi, kai ne mai sautin fim ɗina."

Na ce masa ban san komai a kai ba. Ya ce shi ma bai san komai a kan ba da tsoro ba, in ban da ranar da ya ga fuskarsa a madubi da asuba. Haka na shiga. Da yake ni ba na iya taɓa abu rabi-rabi, na nemo duk abin da zan iya karantawa a kan sautin fim, na bi shi layi-layi.

Labarin fim ɗin ba shi da tsawo. Wani saurayi ne baƙi, haifaffen Jidda, da ke neman aiki a teburin karɓar baƙi na wani kamfani. Duk inda ya je sai a yaba iliminsa, sannan a nuna masa hanyar sito, wai can aka fi buƙatarsa. Sai ya samu wani mai a wani shago ya fara shafawa. Ya yi fari, ya samu aikin. Amma baƙin da ya bar jikinsa bai ɓace ba, ya tattaru ya zama inuwa mai tafiya da ƙafarta, tana binsa daga nesa, kullum tana ƙara matsowa, har ranar da ta zo ƙofar gidan mahaifiyarsa. Kawu ne ya fito a saurayin, shi ne kuma inuwar.

Mun ɗauki yawancinsa a wani tsohon sito kusa da tashar jiragen ruwa, wanda wani abokinsa ya ara mana. Na yi ta yawo da na'urar ɗaukar sauti ina tara ƙarar fanka mai ciwo, da jan silifas a kan siminti, da kukan sarƙa daga wajen jirage. Abu ɗaya ne ya gagare ni, bugun ƙofar da inuwa za ta yi. Na gwada da tafin hannu, na gwada da dunƙule, a ƙofar katako da ta gilashi. Duk wanda na saurara sai na ji kamar maƙwabci ne ya zo aron gishiri. Kawu ya gaji da kallona, ya zaro makullin motarsa, ya fita ya ja ƙofar ƙarfen siton. Sai na ji bugu, da sauri, da ƙarfi, ƙarfe a kan ƙarfe, ba sallama ba gyaran murya. Ya ɗan tsaya, ya sake. Na ce masa wannan ne, a ina ya samo shi? Ya ce a kasuwa ya saya, ya yi dariya, amma ya daɗe yana juya makullin a hannunsa kafin ya mayar aljihu.

Ranar nuni muka je gidan Hajiya da wuri. Tsohon gini ne a wani lungu, falon yana ƙasa, ƙofarsa ta ƙarfe tana buɗewa kai tsaye zuwa waje. Muka rufe tagogi da barguna don a samu duhu, muka saita majigi a jikin bango, aka ja labule a tsakiya, maza gefe mata gefe, kowa yana hangen hoton. Na karanta a wani littafi cewa sautin da ya zo wa mai kallo daga baya ya fi shiga jiki, don haka na tambayi Kawu ko in ajiye lasifika ɗaya a can baya, gindin ƙofa. Hankalinsa na kan wayoyi, ya ce ni ne ustaz, in sa inda na ga dama.

Bayan la'asar mutane suka fara shigowa. Akwai 'yan dako daga tashar jiragen ruwa, da mata masu sayar da abinci, da wani wanzami mutumin Nijar wanda bakinsa ba ya hutawa, da samari haifaffun nan da ke jin Hausa amma su amsa maka da Larabci. Akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba, wanda ya tsufa a ɗaukar kaya, abokin marigayi kakana ne. Na lura kowa da takalminsa a hannu yake shigowa, ya jefa a tarin da ke bayan ƙofa daga ciki, babu wanda ya bar nasa a waje. Na ɗauka tsoron ɓarayi ne. Umma ta zo ta zauna cikin mata can baya, inda labulen ya ƙare, ina iya hangenta daga wurin kwamfutata. Hajiya kuwa tana gaba a kan kujerarta, carbi a hannu, fuska ba yabo ba fallasa.

Na kunna. Hoton farko fuskar Kawu ce, yana tsaye gaban madubi yana kallon kansa, ba ya ko ƙifta ido. Mun sha wahala a kan wannan hoton. Yana bayyana falon ya fashe da dariya.

Ba dariyar mugunta ba ce, kuma wannan ne ya fi ciwo. Sun ga mutuminsu ne, jikinsu ya yi abin da ya saba. Da aka nuna shi yana shafa man, wanzamin nan ya ce a shafa har bayan kunne, kada a bar shaida. Da ya yi fari, wata daga cikin mata ta ce wallahi ya koma kamar ɗanyen ƙosai da bai ji mai ba. Da inuwa ta fara bayyana a ƙarshen layi, wani saurayi ya ce ga mai bin bashi nan ya iso. Duk sautin da na kwana a kai ina gyarawa, dariya ta haɗiye shi. Na saci kallon Hajiya, ita kaɗai ce ba ta dariya, amma carbinta na gudu da sauri.

Kawu yana tsaye kusa da ni, hannuwa a harɗe. A hasken majigin na ga zufa tana bin wuyansa duk da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na aiki. Ya sunkuyo ya ce mini a hankali, "Halas, Ustaz, an gama. Kashe. Direba nake, direba zan mutu."

Ni da ban taɓa yi wa babba musu ba, ban san inda na samo bakin ba. Na ce masa ya bari a kai wurin ƙofar tukuna. Ba wai na hango wani abu ba ne. Kawai na sha wahala a kan bugun nan, ina so ko sau ɗaya in ji shi a lasifika.

A cikin fim, saurayin ya koma gidan mahaifiyarsa, ya zauna, ta ɗora tukunya. Wanzami yana tsakiyar wata maganar. Sai bugun ya zo, daga bayanmu, daga gindin ƙofar ƙarfen Hajiya.

Ban taɓa jin shiru ya sauka da sauri haka ba. Maganar wanzamin ta yanke a tsakiyar kalma. Wani ya miƙa hannu ya kashe mukayyif. Baba ya cire hularsa ya kifa a kan idon majigin, falon ya koma duhu sai ɗan hasken da ke ratsowa ta gefen barguna. Babu wanda ya ce wa wani ya yi wani abu, babu wanda ya yi ihu ko ya ruga. Kowa ya san aikinsa. Samari biyu suka zame ta ƙofar kicin ba tare da na ji sawunsu ba. Wata mai goyo ta juyo da jaririnta ta danna masa nono.

Hoton ya rufe amma sautin bai tsaya ba, don haka bugu na biyu ya biyo baya. A lokacin ne idona ya kai kan Umma. Ta manne da bango, hannunta ɗaya ya damƙe awarwaron da ke ɗaya hannun don kada su yi ƙara, tafin wancan kuma yana kan bakin wata yarinya da ba tata ba. Umma ce fa, wadda ke tuƙa motarta zuwa kasuwa a Safa, wadda iƙamarta ke cikin jakar da ke kan cinyarta a wannan lokacin. Idanunta na kan ƙofar, kuma ba idanun babbar mace ba ne, na ƙaramar yarinya ne.

Sai a sannan na gane abin da suka ji. Bugun masu kame ne, waɗanda ke zuwa duba takardu. Na gane dalilin tarin takalman a ciki. Na danna na tsayar da fim ɗin, amma shirun bai motsa ba, domin a wurinsu tsayawar bugu ba ta nufin an tafi.

Duk wanda ya san Kawu ya san irin wannan wurin ne gonarsa. Kalma ɗaya zai jefa falon ya wargaje da dariya, a ce kai amma yaron nan ɗan banza ne, a tashi lafiya. Na ga bakinsa ya buɗe, na ga maganar ta zo masa. Sai ya rufe. Ya taka a hankali ta tsakanin mutane, ya zare sakata, ya wangale ƙofar har ta bugi bango. Hasken yamma ya shigo. Babu kowa a lungun sai wata kyanwa a kan kwandon shara.

"Ba kowa," in ji shi. "Fim ne. Ni na buga. Ku yafe mini."

An ɗan jima kafin numfashi ya dawo wa mutane. Wanzami ya gwada dariya, ta fito masa a karye, ya bari. Wata mata ta fara faɗa, tana cewa a haka ake jawo wa mai hawan jini ajali, ta ja 'ya'yanta ta fita. Wasu suka bi ta. Baba ya ɗauki hularsa daga kan majigi, ya tono takalminsa daga tarin, ya tsaya a gaban Kawu.

"Ɗan nan, tara mu ka yi ka auna zuciyarmu? Ubanka da ni mun kwana a cikin tankin ruwa saboda wannan ƙarar. Kai kuma ka mai da ita abin kallo."

Kawu bai ɗaga kai ba. Daga baya ya gaya mini ya san sarai inda ya samo bugun, amma ya ɗauka mutum yana zaune gaban majigi zai san fim yake kallo. Bai kawo lasifikar gindin ƙofa a lissafinsa ba, ni kuma ban san me bugun yake nufi ba. A wannan lokacin dai na tabbata komai ya ƙare. An yi masa dariya, sannan an yi fushi da shi, duk a zama ɗaya, duk a gaban Hajiya. Na fara naɗe waya.

Sai muka ji muryarta daga gaba, tana tambayar wane ne ya kashe mata mukayyif a wannan zafin. Aka kunna. Ta ce a bar ƙofar a buɗe yadda take, kada wanda ya taɓa. Sannan ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Kai mai shirun nan, mai da mu inda aka buga. Ban ga ƙarshe ba."

Haka muka kalli sauran, ƙofa a wangale, hoton ya koɗe saboda haske har sai an ƙura ido. Samarin kicin suka dawo suna sosa ƙeya. Bugun ya sake zuwa, na ga kafaɗu sun motsa, amma kowa ya waiga ya ga lungu fayau, ya juyo. A cikin fim, uwar ta tashi ta buɗe. Ta dubi inuwar, ta dubi farin saurayin da ke zaune a ɗakinta. Ta kama hannun inuwar ta shigo da ita, ta zuba tuwo a kwano ta ajiye mata, shi kuma ta nuna masa waje. Ƙofa ta rufe a kan fuskarsa. Fim ya ƙare. Babu wanda ya yi dariya, har wanzami.

Hajiya ta kawar da ido daga bangon da babu komai a kai. Sannan ta kira Kawu, ya zo ya durƙusa gefen kujerarta. Ta ce ita duk zatonta shi bai san wannan ƙarar ba, domin yana jariri aka yi yawancin abin, kafin ya yi wayo takarda ta samu. Ta ce shi ya sa take jin daɗi in ta ga yana ba mutane dariya, tana cewa ga ɗaya dai ya tsira.

"Da nono na sha ta, ya ummi," in ji shi.

Ta gyaɗa kai. Ta ce ya kai fim ɗin duk inda zai kai. Amma ba ta gama ba. Ta ce ƙarshen nan ƙarya ne, kuma ba za a fita da ƙarya daga gidanta ba. Wace uwa ce za ta kori ɗanta don ya shafa mai? Ai ta san abin da ya kai shi. Kwano biyu za ta ajiye, su zauna su ci.

Kawu ya fara roƙo. Ya ce Hajiya fim ɗin ban tsoro ne fa, ba walima ba, in aka ciyar da kowa ina tsoron yake?

"To ka zauna ka ci tuwo inuwarka na gabanka tana kallonka, ka zo ka gaya mini ko ya wuce maƙogwaro."

Falon ya yi dariya, amma wata iri ce daban da ta farko, mara ƙarfi, wadda ke fitowa bayan an sha wuya tare. Baba har lokacin yana bakin ƙofa da takalmi a hannu, bai fita ba bai kuma zauna ba. Ya ce shi dai bai yafe ba tukuna, sai ya yi shawara da zuciyarsa. Amma bugun nan kada a rage masa komai, a bar shi yadda yake, su ma na can waje su ji.

Mun sake ɗaukar ƙarshen a satin da ya biyo. Hajiya ta ƙi yarda a nuna fuskarta, amma ta ce 'yar wasan da ta fito a uwa ba ta iya ajiye kwano ba, kamar mai jefa wa kaji dawa, don haka hannuwan da ke ajiye kwanuka biyun a fim ɗin nata ne. Kuma ta fi mu gaskiya. Saurayin yana zaune, inuwarsa na zaune, uwar na tsakiya tana musu fifita, shi ya kasa kai loma baki. Ni da na haɗa sautin wurin, cokali ɗaya kawai ake ji yana taɓa kwano, kuma ba nasa ba ne. Har yau in na kalla sai na ji sanyi a bayana.

An karɓi fim ɗin a gasar. Bai ci kyauta ba, amma an nuna shi a babban zaure, gaban mutane iri-iri. Da bugun ya zo suka zabura, suka yi 'yar dariyar da masu kallo ke yi in an razana su, suka gyara zama. A wurin kwanukan ne suka yi tsit. Bayan an tashi, ɗaya daga cikin tsofaffin abokan wasansa ya zo ya rungume shi, ya ce shekara da shekaru suna tare bai taɓa tambayarsa komai ba. Daga nan Kawu bai waiwaya ba. Ya yi wasu finafinan bayan wannan, duk na ban tsoro, duk a kan mutanenmu, kuma yanzu matasa baƙaƙe haifaffun garin nan suna zuwa wurinsa neman rawar da ba ta direba ba. Barkwancin bai bar shi ba, sai dai ya koma na cikin gida, inda shi ke zaɓar wanda zai ba dariya. Ni ma ban bar sauti ba, shi ne abincina a yau.

Amma in na tuna ranar, ba zauren gasar ke fara zuwa mini ba. Komawarmu gida ce. Umma na tuƙi, rana ta kusa faɗuwa, mun baro Aziziyya. A wata danja na tattara duk ƙarfin halin da nake da shi na tambaye ta yaya abin yake a lokacin da suke yara. Na ɗauka za ta ce in bar maganar. Sai ta fara ba ni labari, ta yi ta bayarwa har muka iso Safa, ta faka motar a ƙasan gidanmu, ta kashe, muka ci gaba da zama a ciki tana magana. Wani wurin ta share ido, wani wurin ta yi dariya har da buga sitiyari, musamman da ta zo kan yadda wata maƙwabciyarsu ta taɓa ɓuya a cikin buhun gawayi. Na rayu da matar nan tun haihuwata, a ranar na fara saninta.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake riƙe da shi a aiki da wajen aiki. Don mutanenka sun yi shiru a kan abu, ko sun mai da shi abin dariya, ba ya nufin ya wuce. Yana nan zaune a jikinsu yana jiran ƙarar da za ta tashe shi. Kuma ba ɓoye shi ne ke rage masa nauyi ba. Abin da ke rage masa nauyi shi ne a samu wanda zai yi ƙarfin halin fito da shi fili, da rana tsaka, a kalle shi tare, sannan a bar waɗanda suka sha wuyarsa su faɗi yadda labarin zai ƙare.